Awa Takwas na Lala Shamroz

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, ina bakin aiki a nan Maskat, ƙanena ya kira ni daga Peshawar ya ce an harbe Lala Shamroz Afridi da rana tsaka a gaban shagon mai gurasa. Harsashi uku, biyu a ƙirji, ɗaya a wuya.

Lala, shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashinka a ɗakin gwajin duwatsu. Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba: kana da zafin rai, bakinka kuma ba ya tauna magana. Amma kai ka ɗauki mahaifiyata zuwa asibiti a motarka, ka zauna da mu har aka fito da ita daga tiyata.

Fatake suna kawo mana dutsen hoda, wanda ake niƙawa a shafa wa jarirai, mu duba ko akwai asbestos a ciki, zaren dutsen nan mai cin huhu. Na'urarmu ta eksire, in an yi gajeren gwaji na minti ashirin da ita, ba ta ganin abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Fatake sun san haka, shi ya sa suke son gajeren. Kai kuwa sai ka niƙa dutsen ya yi laushi, ka bar na'urar tana bi a hankali awa takwas. Wata rana ka zuba asbestos kaɗan da hannunka cikin hoda mai tsabta, ka sa na yi gajeren gwaji. Takarda ta fito fes. Ka ce, "Ka gani, Gulzada? Makauniya ce in ka hanzarta ta. Kai ma haka kake."

A kayan wani babban falke, Haji Mirwais, dogon gwajin ya nuna ɗan tsini a kan zanen da na'urar ke fitarwa, ƙarami ƙwarai. Ka rubuta cewa akwai asbestos, aka tsare masa kaya a tashar jirgin ruwa. Mutanensa suka shigo, suka danne hannunka a kan tebur, suka farfasa maka yatsu da taɓaryar niƙan dutse. Ina tsaye ina jin ƙarar ƙashi. Ɗayansu ya ce, "Malam, da wane hannun za ka sa hannu yanzu?" Ka ce, "Ɗan'uwa, ai hannu biyu Allah Ya ba ni."

Kana asibiti suka dawo. Ni na yi musu na minti ashirin, na rubuta cewa na'ura ba ta ga komai ba. Ba ta gani ba ɗin, amma ni na sani. Kayan suka wuce, ni ma na tattara na bar ƙasar. Da ka warke ka sake gwada wani kayan nasa, ka sa hannu da hagu. Abin da ya kashe ka ke nan. Hodar da na ce mai tsabta ce tana jikin 'ya'yan da ban san sunansu ba, ni kuma ga ni da yatsu goma.

Allah Ya jiƙanka, Lala, Ya haskaka kabarinka, Ya tona asirin waɗanda suka zubar da jininka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Bibi Zarmina da 'ya'yanka, Palwasha da Baryalai. Allah Ya ba ku haƙuri. Ban taɓa gaya wa kowa wanda ya sa hannu a takardar nan ta minti ashirin ba. Yau kun sani.