Awakin Iya Tabawa

Wata ranar Laraba, kaka ta biyu bayan samun ƴancin kai, na taso daga lakwal, makarantar boko, na zarce gona ko gida ban biya ba, sai na tarar da awaki uku a kan gujiyata suna ci kamar gonar ubansu. Shekarata tara. Gamanata ce ta farko, ɗan filin da Baba ya yanka mini a gefen gandunmu, a ƙauyenmu kusa da Kona. Ni na shuka, ni na nome ta sau biyu har hannuna ya yi kanta, ni na cire ta na kife a rana. Ga shi mai gari bai sa an yi shelar sakin dabbobi ba tukuna, kuma kowa ya san akuyar da aka kama a gona kafin shela ƙofarsa ake kai ta, mai ita ya sha kunya gaban jama'a.

Awakin na Iya Tabawa ne, tsohuwar maƙwabciyarmu da yanar ido ta rufe wa gani, ba ɗa ba jika. Can na hango ta tana lalube tsakanin kunyoyi da guntuwar igiya a hannu. Wayyo bakina! Na buɗe shi na zazzage mata. Na kira ta makauniyar banza, na ce wadda ba ta ganin akuyarta mi ya kai ta kiwo, na ce yau sai ƙofar mai gari. Matan da ke roro a gonar kusa suka miƙe suna kallo. Ita ko sai murza igiyar take yi.

Gidanmu ɗaya ne daga gidaje uku na masu bin Almasihu a garin, kuma an ce kafin Baba ya shiga wannan hanya, in ya daka tsawa har jakin maƙwabta sai ya zabura. Da na ga ya taho na ce madalla, yau za ta ji. Ina! Mutumin nan, ƙato da shi, ya durƙusa a ƙasa gaban tsohuwar ya ce, "Iya, sannu da wahala. Ƙaya ba ta soke ki ba? Igiyar ga ce ta ruɓe, ba laihinki ba ne." Ya kora mata awakin har gida. Ni da aka cinye wa damina guda, ni aka bari tsaye ina kuka. Na ji haushinsa fiye da na awakin, har cikin raina na ce tsoro ne kawai.

Da la'asar ya zauna ya tuƙa sabuwar igiya ta kaba, ya miƙo mini. "Hannatu, kai mata, ki gaishe ta da murya ƙasa." Na ce gujiyata fa? Ya ce, "Ta yi mini zahi, ɗiyata. Amma Ubangijin da muke bi da taushi yake yi wa mai rauni magana. Wane ni in ɗaga murya?" Na karɓa ina huci, na je na wurga igiyar ta saman darnin kara da ya raba gidanmu da nata na juyo, ko sallama ban yi ba.

Tun daga nan, kullum da safe sai ga Iya Tabawa tana bin darni da hannu, riƙe da ƴar ƙwarya ta nonon akuya. "A ba ɗiyar nan, ta fi ni gaskiya." Ni kuwa bayan rumbu nake laɓewa har ta fita. Ban taɓa sha ba, ƙannena ke shanyewa. Inna ta yi faɗa ta gaji, Baba kuma dubana kawai yake yi. Kullum ina cewa gobe zan gaishe da tsohuwar, har bazara ta shigo aka wayi gari ta rasu.

Yau an daina noman gujiya irin na da a wajenmu, majami'armu kuma ta cika da lasifika, kowa na ƙoƙarin fin wani murya. Ni ce yanzu ke laluben ƙofa a Tasawa, jikokina na cewa, "Kai Kaka, ba ki gani ne?" Ba su nake jin haushi ba. Yarinyar nan ta bayan rumbu nake jin haushi, wadda sannu guda ɗaya ta gagare ta.