Dunan Barau Mai Jakai

Barau mutumin Sabuwa ne, kuma da jakai ya ci ya sha tun tasowarsa. Dawa da barkono yake lodawa a mangala ya kai kasuwannin ƙasar Faskari, ya dawo da gishiri da kanwa. Da kuɗin man fetur suka cika ƙasa, motoci suka ƙwace masa hanya, bai ce uffan ba. Mutum ne da ko ƙaya ya taka sai dai a ga jini. Jaki kaɗai yake iya kai ƙara, nan kam bakinsa ba linzami.

Yana cikin ƙarfinsa idanunsa suka yi ɗorawa, ya fara zubewa. Aka sha sassaƙen shawara har aka gaji, sannan aka kai shi asibitin Zariya. Likita ya ce ciwon daji ne can bayan tumbi, ya riga ya yi nisa. Aka maido shi gida, aka haɗa shi da Mamuda, malamin asibitin garin, da sharaɗi guda: ƙarfin magani ya bi abin da maras lafiya ya faɗa da bakinsa.

To, nan gizo yake saƙar. Kullum Mamuda ya jingine babur ya ce, “Baba, ya jiki?” sai Barau ya ce, “Da sauƙi, alhamdu lillahi,” alhali gumi na tsiyaya daga gemunsa. Sai a ba shi ƙwayar mai sauƙi. Shi a ganinsa bai yi ƙarya ba, gaisuwa aka yi ya amsa. Namiji da furfura ya zauna yana lissafa wa sa'an ɗan cikinsa inda ke masa ciwo? Ai raki ke nan, da ƙorafi ga Mai Sama.

Matarsa Suwaibatu ce abin ya isa, don ita ke ganin yadda yake duƙunƙunewa in an watse. Wata safiya ta yi magana daga bayan zana.

“Malam Mamuda, bar tambayar jiki. Tambaye shi Duna.”

Duna wani baƙin jaki ne da Barau ya taɓa yi, mugu, wanda har ya mutu ba su shirya ba. Mamuda ya gane. Ya ce, “Baba, ya Duna ya kwana?”

Barau ya harari zanar. Can ya ce, “Ɗan banza! Tun jiya shika harbina ta baya. In na ci tuwo kuwa, cizo.”

Ran nan aka yi masa allura mai ƙarfi, ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Daga nan labari ya samu. Wata rana Duna birgima kawai yake, wata rana ya tsinke turke. Barau har jiran ƙarar babur yake, don ya sami inda zai sauke kayansa ba tare da kunya ba. Har damina ta wuce a haka.

Da kaka, ran wata Laraba, Mamuda ya tambaya kamar kullum, yana warware allura.

Barau ya ce, “Mai da abinka, ɗana. Yau ba harbi. Ga shi nan tsaye bakin ƙofa, an ɗaura mishi akumari a baya, tafiya kawai shika jira.” Ya juya wajen zana. “Ke, taho kusa. Malam ba baƙo ba ne.”

Suwaibatu ta fito ta zauna a gefen tabarmar.