Ranar da Teku Ta Jiƙa Likkafanin Inna

Mahaifiyata ta zo Madina ne da shirin mutuwa. Ba ta da wani ciwo in ban da na gwiwa, irin na tsufa. Shekarar da mahaifinmu ya rasu a can ƙasar Katsina na samu na kawo ta aikin hajji. Lokacin ina karatu a jami'a, muna zaune a wani ɗan gida a unguwar Ƙurban, ni da maiɗakina da 'yarmu ƙarama, wadda muka sa wa sunan Inna. Da aka gama hajji ta ce ita ta zo ke nan. Na yi ta faɗi-tashin takardu har Allah ya sa aka bar ta ta zauna tare da mu.

Tun a Makka ta sayi farin yadi. Ta kai shi bakin Zamzam ta wanke da hannunta, ta shanya a rana kamar yadda tsofaffin alhazai ke yi, ta naɗe shi a wata jakar fata da ta zo da ita daga gida. Wannan shi ne likkafaninta. Da jakar take matashi in za ta kwanta, da ita take zuwa masallaci. Burinta ɗaya ne: ta cika a Madina, a sa ta a wannan yadi, a kai ta maƙabartar Baƙi'a kusa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Buri ne mai kyau, ni ma ina roƙonsa. Abin da ya dame ni shi ne Inna ta daina rayuwa tun ranta yana jikinta. Loma biyu ta ture kwano. Da maiɗakina ta yanko mata atamfar sallah, sai ta ce, "Wa zai sa? Ki ba mai sauran kwana." In aka ce baɗi za a yi kaza, sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Daga ƙofar ɗaki zuwa tsakar gida sai da sanda da hannun mutum. Kuma ba ta yarda ta fita iyakar haramin Madina ko da taku ɗaya, kada ajali ya riske ta a waje.

Muna da wani maƙwabci, Bahaushen Chadi, direba ne mai jigilar kaya tsakanin Madina da Yanbu a lokacin da ake ta ginin matatun mai a can. Da hutun tsakiyar shekara ya zo, zafi bai riga ya sauka ba, sai ya ce mini akwai wani wurin hutu a bakin teku, ɗakuna ne a jere, kowanne da rumfarsa da 'yar katanga saboda iyali. Ya ce zai kai mu in zai tafi, ya dawo da mu in zai dawo. Tun zuwan maiɗakina ƙasar nan ba ta san ko'ina ba sai gida da masallaci da kasuwa. Na ga yadda idonta ya yi haske, na kuma san ba za mu bar tsohuwa ita kaɗai ba.

Na sami Inna bayan la'asar tana jan carbi. Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce uban takwara.

"Yanbu ɗin tana cikin harami?" ta tambaya.

"A'a, Inna."

"To ku je, Allah ya kiyaye hanya."

'Yar tamu tana gefe tana jinmu. A Madina aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa. Ta dafa gwiwar kakarta ta ce, "Ya sitti, inti khayfa minal bahar?" Wato, kaka, tsoron teku kike ji?

"Ke, yi mini Hausa, Balarabiyar ƙarya. Ni da na tsallake ta ta sama, ina kallonta kamar ruwan kwano?"

"Ƙarya ne, Baba ya ce idonki a rufe yake har aka sauka," in ji yarinyar da Larabcinta.

Inna ta kai mata duka da carbi, ta goce. Kwana biyu yarinyar nan tana binta da tsiya, har ranar da Inna ta kira ni ɗaki, ta sa na zauna. Ta ce za ta je, saboda surukarta da ba ta taɓa roƙonta komai ba. Amma in yi mata alkawari, in wani abu ya faru, ko a kaina ne in ɗauko ta in dawo da ita Baƙi'a. Na yi alkawari. Ta ɗora jakar fatar a cinyarta ta ce, "Wannan kuma ƙafata ƙafarsa."

Mun tashi da hantsi. Da muka wuce alamar iyakar harami, Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta buɗe ba sai da muka tsaya a Badar muka yi salla. Ta yi wa shahidai sallama, ta dubi duwatsun wurin ta ce, "To, in ma a nan ne, da sauƙi. Akwai maƙwabta nagari." Direba ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Da yamma muka isa. Ni na taɓa ganin teku a Jidda, amma daga nesa. A nan kuwa ga ta a ƙofar ɗaki, shuɗiya, ba ta da ƙarshe, ƙasan bakinta fari tas, mutum yana iya tafiya mai nisa a ciki ruwan bai wuce gwiwa ba. Inna ta tsaya a bakin rumfa ta daɗe tana kallo.

"Duk wannan ruwa ne?"

"Ruwa ne, Inna."

"Kuma ba wanda ya dasa ko albasa a gefensa? Kai, Larabawa."

Yarinyar ta ɗebo mata a tafin hannu ta lasa. Ta tofar, ta ce wanda ya yi wannan miya ba ya tausayin gishiri. Maiɗakina kuwa ta kwashi kayan yarinyar ta tafi wanki, ta yi ta cuɗa sabulu ya ƙi kumfa, ta dawo tana cewa an sayar mata da sabulun banza. Haka muka wuni, mutanen tudu a bakin teku.

Washegari da safe muka ga ruwan ya ja baya, ya bar fili mai faɗi, lumus, ba ƙaya ba tsakuwa. Muka ce ai ga wurin shimfiɗa. Mu abin da muka sani shi ne gulbi: da damina ya kawo, da rani ya ƙafe. Ba wanda ya taɓa gaya mana akwai ruwan da ke tafiya da safe ya dawo da rana. Muka ga sauran iyalai sun yi shimfiɗarsu can sama kusa da katanga, muka ɗauka kunya ce irin tasu.

Da ƙyar aka lallaɓo Inna har kan tabarma, ta zauna ta miƙe ƙafafu, jakarta a gefe. Ni kuma na sami tsinke ina koya wa yarinyar baƙaƙen ajami a kan jiƙaƙƙen yashi, yadda aka koya mini a zauren malam: ga ba guje, ga jim ƙarami. In na rubuta sai ruwa ya zo ya shafe, mu matsa baya mu sake. Ta yi ta tsalle tana cewa teku ta fi ta saurin wanke allo. Muka yi ta matsawa baya muna dariya, ban ko tsaya na tambayi kaina me ya sa muke matsawa ba.

Da azahar ta yi muka tashi zuwa rumfa. Yashi yana nutsar da sanda, don haka Inna ta riƙe maiɗakina da hannu ɗaya, ɗayan kuma takwararta ta kama tana ja. Ta waiga ta dubi jakar. Na ce in ɗauko ne? Ta ce, "Bar ta, yanzu za mu dawo. Wa zai taɓa kayan mutum a ƙasar nan?" Tun daga Makka, ranar ce farkon rabuwarta da ita.

Muka yi salla. Aka kawo mana soyayyen kifi da shinkafa daga wurin masu dafawa a bakin hanya. Iskar teku ta buɗe wa Inna ciki, na ga tana tsince ƙaya tana ƙarawa, na kau da ido don kada ta farga ta daina. Muna cikin haka yarinyar ta leƙa ta katanga ta ƙwala ihu, kuma wannan karon da Hausa: "Tabarma tana tafiya!"

Filin da muka zauna babu shi. Ruwa ya shafe ko'ina. Tabarma tana can tana lilo, jakar fata kuma ta riga ta zame daga kanta, tana nutsewa tana tasowa.

Kafin in cire takalmi Inna ta wuce ni. Ba sanda, ba hannun kowa. Ta tattare zane da hannu ɗaya, ta faɗa ruwa tana salati, tana ture shi da gwiwoyin nan da suka hana ta zuwa tsakar gida. Na bi ta ina kira. Ita ta riga ni cafke jakar. Wata 'yar igiyar ruwa ta zo ta zaunar da ita daɓas, ruwa har ƙirji, amma ba ta saki ba. Na ɗago ta muka fito, tana haki, jakar a rungume.

A rumfa ta kwance bakin jakar. Yadin ya jiƙe sharkaf, jar fatar ma ta ɗan zuba a gefe guda. Ta riƙe shi a hannu. Sai hawaye. Tun rasuwar mahaifinmu ban ga kukanta ba.

Na durƙusa na ce, "Inna, ruwan teku mai tsarki ne, har alwala ana yi da shi. Ba abin da ya sami likkafaninki."

"Na san mai tsarki ne, malam," ta ce. In ta ce mini malam, to ranta a ɓace yake. "Amma ba Zamzam ba ne."

Maiɗakina ba ta tsaya jan magana ba. Ta karɓi yadin ta ɗauraye da ruwan daɗi, muka kama gefe da gefe muka ɗaura tsakanin ginshiƙan rumfa. Iska ta shige shi ya kumbura, yana kaɗawa fari fat. Yarinyar ta shige ƙarƙashinsa ta kwanta ta ce inuwar ta fi ta rumfa sanyi. Na buɗe baki zan tsawata mata, Inna ta ɗaga mini hannu.

"Ƙyale ta. Ta riga ni shiga, 'yar nema."

"Ya sitti, ashe kina gudu?" in ji yarinyar. "Wallahi kin fi Baba."

"Ubanki ai tun yana yaro haka yake, sai ya gama tunani kaza ta shige daji."

Maiɗakina ta juya baya tana dariya a mayafi. Inna ma ta so ta daure, ta kasa.

Da la'asar na ce mata kada ta damu, zan sa wani ɗalibi da zai je Makka ya taho mana da jarkar Zamzam, a sake wankewa a gida. Ta girgiza kai.

"Da hannuna na wanke shi a bakin rijiyar, da hannuna zan sake. Yaushe kuke samun hutu kuma?"

"Sai azumi, Inna."

Ta ƙirga watannin a yatsunta, ta ga da saura. Makka ma ba Madina ba ce, kuma hanyarta ta fi ta Yanbu nisa. Na ga duk wannan yana wucewa a fuskarta. Can ta ce, "To, Allah ya kai mu azumin. Sai mu yi umra gaba ɗaya." Ta juya wajen surukarta. "Atamfar nan da kika saya, tana nan? A ɗinka. Ba zan shiga Makka da wannan tsumman ba, gishiri ya gama da shi."

Maiɗakina ta dube ni, na dubi ƙasa. Tun zuwanta, ranar ce Inna ta fara sa wa wani abu rana a gaba.

Washegari ita ta tashe mu. Ta ce gwiwoyin sun yi mata sauƙi, ko ruwan gishirin ne, a raka ta ta ƙara tsoma su. Muka yi shimfiɗa can sama kusa da katanga kamar kowa. Ta zauna a bakin ruwa da takwararta, ƙafafu a ciki, tana yi wa teku faɗa duk lokacin da ta matso: "Na gane ki yanzu, ɓarauniya." Jakar tana ɗaki a rataye, yadin a ciki, ya bushe ƙamas.

Da azumi muka je Makka, ta wanke shi da hannunta kamar yadda ta ce. Bayan nan Allah ya ara mata shekaru masu dama. Ta ga saukar karatun takwararta, ta goya ƙannenta biyu, ta cika bayan gidanmu na Ƙurban da tukwanen yakuwa da albasa. Ita ce ma take tambayar maƙwabcinmu direba yaushe zai sake kai mu wajen ɓarauniyar. Da lokacinta ya yi, a ɗakinta ta cika, da hantsi, aka sallace ta a masallacin Manzon Allah, aka kai ta Baƙi'a. Matan da suka yi mata wanka sun tambayi maiɗakina ko a sake yadi, saboda wani ɗan jan tabo da suka gani a gefe guda. Ta ce a'a, a sa ta a cikinsa, ita ta san inda ya samo shi.

Allah ya jiƙan Inna, ya haɗa mu da ita a inda ba a rabuwa.