Kotun da Mai Tallar Gyaɗa Ta Tambaye Ni

Ko tsufa zai kwashe komai daga kaina, ba na jin zai iya ɗauke ranar da wata mai tallar gyaɗa ta tsinka ni a bainar jama'a a garin Lafia. Har yau in na tuna, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa ba, ba kowa ke da ita a aljihu ba. Ina da ɗan shago kusa da tasha, ina buga takardu da kwamfuta, a waje kuma na kafa lema da tebur inda mutane ke zuwa buga waya. Mu masu wannan sana'a muka kafa ƙungiya, aka naɗa ni ciyaman. Kai, na ji daɗin sunan nan fiye da kima.

Ana nan sai wata mata 'yar Doma, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, ta kafa tata lemar a tsallaken titi. Ta sauƙaƙa farashi, ga fara'a, ga haƙuri da tsofaffin da ba su iya danna lamba ba. Kafin wata guda, masu zuwa wurina sun koma wurinta. Maimakon in gyara halina, sai na tafi wajen dilan da ke ba mu katin waya, na ce masa in ya sake sayar mata, duk 'yan ƙungiya za mu bar shi. Na kuma sa aka kafa doka cewa ba mai kafa lema a layin sai da izinin ciyaman. Ta zo har shago ta roƙe ni.

"Oga Ciyaman, don Allah. Kasuwa yana da faɗi, kowa zai ci."

Ban ko ɗaga kai daga kwamfuta ba na ce mata, "Madam, doka ce, ba ni na yi ba." Alhali ni na rubuta ta da hannuna. Bayan sati biyu ta naɗe lemarta.

A 'yan kwanakin ne rediyo ta yi ta kawo labarin wata gwamnati a ƙasar waje da ta maka wani katafaren kamfanin kwamfuta a kotu, wai ya danne ƙanana ya mamaye kasuwa. Majalisarmu ta ƙofar shago ta rabu biyu. Wani ɗan tireda ya ce hassada ce kawai, wanda Allah ya ba ai ba a ja da shi. Wani tsohon malamin makaranta ya ce in aka bar babban kifi, sai ya cinye kogin. Ni kuwa na fi kowa zaƙewa wajen goyon bayan ƙarar, don ina jin haushin yadda manyan kamfanoni ke juya mu yadda suka ga dama.

Rannan da hantsi sai ga wani ma'aikacin gidan rediyo da rikodarsa, yana jin ra'ayin jama'a a kan maganar. Aka nuna masa ni, aka ce ga ciyaman, shi ya san harkar. Mutane suka taru. Na gyara hula, na gyara murya, na shiga zuba. Na ce duk mai ƙarfin da ya toshe wa ƙarami hanyar abinci azzalumi ne, na ce ya kamata gwamnatinmu ma ta yi koyi, ta ja irin waɗannan zuwa kotu ko su wane ne. Aka yi mini tafi.

Sai wata murya daga baya ta ce, "Mai rediyo, ni ma zan yi magana."

Matar nan 'yar Doma ce, da farantin dafaffiyar gyaɗa a ka. Ta sauke shi a hankali, ta matso. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba. Ta dube ni ta ce, "Oga Ciyaman, magana naka ya yi daɗi. Wannan kotu da ka ce, yana ina? Nuna mini hanya. Ni ma akwai babban kamfani da ya kore ni a wancan tsallake."

Ta miƙa hannu ta nuna inda lemarta take a da. Wani ya fara dariya, ya ga ba mai taya shi, ya haɗiye. Duk wanda ke wurin ya san labarin. Tsohon malamin nan ya sunkuyar da kai, kamar shi aka kama. Ita kuwa ta ɗauki farantinta ta wuce.

Ban sani ba ko an sa muryarta a rediyo, don ban yi ƙarfin halin kunnawa ba. Amma kafin la'asar maganar ta riga ni isa gida. Mahaifiyata ta kira ni ɗaki ta ce, "Da mahaifinku ya rasu, da ƙosai na rene ku. Da wani ya kife mini kasko, da yanzu kana ina?" Ban iya cin tuwo ba ranar.

Sai da na yi kwana huɗu ina jan ƙafa kafin na sa ƙungiya ta soke dokar, na kuma hau mota zuwa Doma, don an ce ta koma gida. Na same ta tana shanyar rogo. Na ba ta haƙuri, na ce ta dawo, wurinta na nan. Ta kawo mini ruwa, ta ce ta yafe, amma wayar ta riga ta sayar, ba ta da abin komawa da shi. Ba ta dawo ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, domin haƙurin da na bayar bai mayar mata da komai ba.

Abin da na koya shi ne, zagin azzalumin da ke nesa ba shi da wuya, ko tafi ana yi wa mutum. Kafin ka nemi a kai na sama da kai kotu, waiwaya ka ga ko akwai wanda kake tsaye a kan wuyansa.