Gudun Diko da Doyar da Muka Sare

Muna idar da sallar asuba ranar Asabar ɗin nan da ta wuce muka ɗaure igiyar kambas a ƙofar masallacin unguwarmu, mu tara, muka kama hanyar Diko. Ga wanda bai san mu ba, mu ne samarin nan da kuke gani suna gudu a Suleja duk ƙarshen mako kamar an biyo su. Akwai tela a cikinmu, akwai mai faci, akwai wani masinja da ke aiki Abuja, shi ne kyaftin saboda shi kaɗai ke da agogo mai lissafa minti. Ni kuwa gyaran rediyo nake koyo. Babu wanda ya koya mini gudu, daga wata tsohuwar mujallar wasanni da na tsinta a gwanjo na san yadda ake jan numfashi da yadda ake miƙa ƙafa.

Abin da ya fitar da mu daga garin shi ne wani manomi ɗan wani ƙauye a bayan Diko. Ya faɗo daga motar kaya ya karye a cinya, aka kawo shi wajen mai ɗorin unguwarmu, yana kwance a zaure kusan wata guda. Kullum in mun dawo daga tirenin ɗin gudu mukan leƙa mu gaishe shi. Rannan muka tarar ya ƙi cin abinci. Ashe kowa a ƙauyensu ya haƙe doyarsa, tasa ce kaɗai ta rage a ƙasa, kuma dagaci ya riga ya sa ranar da za a saki shanu su shiga gonaki cin kara, kamar yadda suke yi duk shekara. In shanu suka bi ta kanta, shi ke nan, babu ta ci, babu ta shuka. Nan kyaftin ya ce tunda dai gudun nan muna yin sa a banza, mu yi shi zuwa inda zai yi amfani.

Hanyar da sassafe abin kallo ce. 'Yan aikin gini sun cika bakin titi da shebur da kwanon kankare suna jiran motar Abuja, ga layin mai a wani gidan mai ya miƙe har ya sha kwana, direbobi na barci a kan bonet. Wani kwandasta ya leƙo ya ce mana, “Oga, ku shigo mana, ko wahalar man ce ta kai ku haka?” Mai facinmu ya ce masa ai injinmu koko yake sha. Abin da na lura, hanyar da kake ganin shimfiɗaɗɗiya ce a mota, da ƙafa sai ka gane duk hawa ce a ɓoye. Cinyata ce ta faɗa mini.

A mararrabar Diko muka tsaya. Wajen ba ya barci, tireloli, masu shayi, masu rake, da tulin doya a bakin titi kamar an gina katanga. Ƙosansu ya fi namu girma a kuɗi ɗaya, amma barkonon ba na wasa ba ne. Daga nan muka saki kwalta muka bi wata 'yar hanyar ƙafa. A nan na ga abin da na daɗe ina gani a kasuwa ban taɓa tsayawa na duba ba: matan Gwarawa ɗauke da itace a cikin ƙwarya, a kafaɗa, ba a ka ba. Kayan ya fi tsawona, amma tafiya suke ko haki babu. Da suka hango mu a guje sai suka ratse cikin ciyawa, wata ta ɗaga murya ta ce, “Lafiya? Me ya biyo ku?” Sai da muka tsaya muka yi bayani, kuma ban ga alamar sun gamsu ba.

Mun isa ƙauyen rana ta ɗan ɗaga. Matar mutumin da mahaifiyarsa, wata tsohuwa 'yar ƙarama mai kaifin ido, suka kai mu gonar, tafiya mai ɗan nisa a bayan gari. Layi-layi ne na tulin ƙasa, kowane tuli da doya a cikinsa, ganyen duk ya bushe. Matar ta ajiye mana fartanyoyin da ta aro, suka koma ɗebo mana ruwa.

To a nan muka yi ta. Mu da muka saba komai tsere ne, kyaftin ya ba kowa layinsa, ya duba agogo, ya ce a ga wanda zai riga kaiwa ƙarshe. Muka hau sara kamar masu yasar kwata. Ƙasar ta bushe ta yi tauri, sai ka ɗaga fartanya da ƙarfi ka sauke, ka ji wani ƙas, ka jawo rabin doya fara tas, rabin ya zauna a ƙasa. Ni har murna nake, ina gaba da tela da tuli huɗu.

Tsohuwar ce ta fara dawowa. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye tulun ruwan, ta ɗauki wata doya da na raba biyu, ta jujjuya ta, ta ce, “Yarana, taimako kuka zo ko yanka?”

Duk muka tsaya. Ta ce doya in ƙarfe ya taɓa ta ba ta ajiyuwa, kwana kaɗan ta ruɓe, kuma ta ruɓar da ta kusa da ita. Sannan ta nuna mana layukan can ƙasa wajen wata ɗorawa, waɗanda saura kaɗan mu kai. Ta ce wannan iri ne, shi za a shuka baɗi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na rasa inda zan ajiye fartanyar.

Ta durƙusa ta nuna mana. Da ɗan sanda mai tsini take buɗe tulin ta gefe, ta sa hannu tana bin jikin doyar har ƙasa, ta girgiza ta a hankali, sai ga ta ta fito sumul, ko ƙwarzane babu. Na gwada, na ɗauki lokacin da zan yi gudun mil guda kafin na fitar da ɗaya. Ta kalle mu ta ce a bar haƙa. Ta aika aka kira mata wasu dattawa uku maƙwabta, su za su haƙa da ita. Mu kuwa ta ce mana, “Tunda ƙafa gare ku, ku yi aikin ƙafa.”

Ashe nan ne ake buƙatarmu. Mota ba ta shiga gonar, kuma jigilar ce ta gagari mata biyu. Muka jera kanmu a hanya daga gona zuwa rumfar da ake ajiye doya a gida, kowa ya kai wa na gaba kwando ya dawo a guje. Na ce bari in gwada a kafaɗa irin tasu. Taku goma ban yi ba wuyana ya karkace, matan suka yi ta dariya, na mayar ka. Kafin la'asar gonar ta zama fili, irin kuma tsohuwar da kanta ta raka shi, ba ta yarda mun taɓa ba.

Waɗanda muka ɗan ƙwarzana, matar ta shafa musu toka a ciwon ta ware su gefe. Waɗanda muka raba biyu kuwa aka fere aka daka sakwara da miyar kuɓewa busasshiya. Tsohuwar ta tura mana akushi ta ce, “Ku ci, aikinku ne.” Mun ci aikinmu har muka kasa tashi. Maganar komawa da gudu babu wanda ya tayar. Da ƙyar muka ja ƙafa zuwa Diko, muka hau bayan wata akori-kura tare da buhunan gawayi.

Ana kiran magariba muka sauka Suleja, muka zarce zauren mai ɗori. A hanya mun yi ta gardamar wanda zai faɗa wa manomin, aka ce ni, tunda ni na fi ɓarna. Na durƙusa na ce, “Baba, an kwashe duka, amma mun sare maka da yawa.”

Ya ce, “Na wajen ɗorawa fa?”

Na ce, “Iya ta tare mu kafin mu kai.”

Ya mayar da kansa kan matashi, ya lumshe ido. Can ya ce, “To ba ku sare komai ba.”

Abin da na ɗauko a tafiyar nan shi ne, in ka je taimakon mutum, kafin ka ɗaga hannu ka tambayi masu wurin yadda ake yi. Minti biyu da mun jira tsohuwar nan ta dawo daga ɗebo ruwa, da doyar da muka cinye tana rumfa yanzu.