Waƙar Kakana a Marylebone

Mun tashi da asuba ranar Asabar, ko in ce ni kaɗai na tashi, don ban ga wata a zumuntar matanmu da za ta bar barcinta saboda tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Ƙarfe goma aka ce mu haɗu a tashar jirgin ƙasa ta Barking, unguwarmu a nan Landan. Kafin bakwai na gama suyar masa, na cika flas da kunun gyaɗa, na rubuta lambar wayar maigidana a takarda na cusa a aljihun rigar babbar 'yata. Shekararta biyar, ƙanwarta kuwa wata takwas. Ni haka Allah ya yi ni, ko kasuwa za mu je sai na ga kamar yarinyar za ta ɓace mini.

Amma ranar nan akwai abin da ya fi wannan damuna, bari in faɗa muku tun daga tushe.

Kakana mai bishara ne a ƙauyenmu, can kudancin Kaduna, manomi ne kuma. Ban san shi ba, ko hotonsa babu. Abin da ya bar mana waƙa ce guda ɗaya, wadda kakata ta ce ya yi ta a shekarar da gobara ta cinye masa rumbu biyu. Waƙar tana cewa rumbu ya zama toka, amma wanda yake ciyar da tururuwa bai manta da gidanmu ba. Da ita aka raine ni, da ita nake rainon nawa. Babbar 'yata har a makaranta tana faɗa wa malamarsu cewa kakan mamanta ya yi waƙa.

To, wata Lahadi na ɗaga ta a zumunta, da muka gama na ba da tarihinta. Akwai wata dattijuwa cikinmu, tsohuwar nas, mai ilimi sosai, muna ce mata Mama Nas. Ta cire tabarau ta ce, "'Yata, waƙar nan ta girmi kakanki. Tana cikin littafin Turawa, mun yi ta a makarantar kwana." Mata suka yi dariya. Ba da mugunta ba, amma na ji ta har ƙashina. Shugabarmu ta ce gardama ba ta da amfani, ta san wani tsohon coci a unguwar Marylebone inda ake ba da tarihin waƙoƙi duk Asabar, mu je mu ji da kunnenmu. Tun daga ranar nake tunanin yadda zan dubi 'yata in aka ce labarin Kaka ba gaskiya ba ne.

Mu tara muka haɗu, kowa da zanen zumunta iri ɗaya a kan rigar sanyi. Na bar keken jariri a gida na goya ƙaramar da zane, don an gargaɗe ni cewa inda za mu sauka akwai matakala. Jirgin ya fara tafiya a fili, muna ganin bayan gidajen mutane, layi-layi manne da juna, wani ya shanya kaya, wani ya shuka kabewa a ɗan filin da bai kai tabarma uku ba. Can sai muka nutse ƙarƙashin ƙasa. Na riƙe hannun babbar har ta ce ina ji mata ciwo. Ita da Turanci take amsa mini komai, ko da na yi mata Hausa. Wata Baturiya da ke gefe ta yi ta kallon goyona, daga baya ta tambaya ko jaririyar ba za ta faɗo ba. Shugaba ta ce mata a haka aka goyi mu tara ɗin nan, ga mu kuwa, babu wadda ta faɗo.

A Baker Street muka sauka. Unguwar nan ba irin tamu ba ce. Ƙofofi baƙaƙe masu ƙyalli, kowace da ɗan allon tagulla ɗauke da sunan likita, furanni a kowace taga, amma ka yi tafiyar minti goma ba ka ji ƙamshin girkin kowa ba. A Barking ai tun daga tasha hancinka zai gaya maka wa ke suyar albasa. Ɗaya daga cikinmu ta leƙa wani shago za ta sayi shayi, ta ga kofi ɗaya ya kusa fam huɗu, ta fito tana tambayata ko kunun nan zai ishe mu duka.

Cocin ƙarami ne, sanyi a ciki kamar randa. Wani tsoho ya tarbe mu, siriri, da abin ji a kunne da rigar saƙa wadda gwiwar hannunta ta sha ɗinki. Turancinsa ya fi ƙarfina, sai Mama Nas ta tsaya tana fassara wa irinmu. Ya nuna mana tsofaffin littattafan waƙa a cikin gilashi, wasu ƙanana kamar tafin hannu. Ya ce da yawa daga masu rubuta waƙoƙin nan ba manyan mutane ba ne. Akwai fastocin ƙauye da suke rubuta sabuwa don wa'azin Lahadi, saboda jama'arsu ba su iya karatu ba, amma abin da aka rera ba sa mantawa. Akwai matan da suka rubuta a gadon ciwo, akwai waɗanda suka rubuta bayan sun binne 'ya'ya. Na ji daɗin wannan ƙwarai, don ni a da na ɗauka masu waƙoƙin littafi duk masu kuɗi ne da ba su san yunwa ba. Sai dai ina saurare ina jiran a zo kan waƙar Kaka.

Da ya tambaya ko akwai waƙar da muke so mu ji labarinta, Mama Nas ta dube ni ta gefen tabarau, ta fara rera muryar waƙar Kaka ba tare da kalmomi ba. Ko layi biyu ba ta kai ba tsohon ya yi murmushi. Ya tafi wajen abin kiɗan nan mai dogayen bututu, ya zauna, ya danna.

Ita ce. Babu inda ta bambanta, har wurin da muryar ke hawa ta sauko.  'Yata ta ja zanena tana murna, tana tambaya yaya aka yi tsohon nan ya san waƙar Kaka. 

Tsohon ya ɗauko littafi ya buɗe, ya ce wani mutum ne ya rubuta waƙar bayan ƙanensa ya shiga jirgin ruwa aka daɗe ba labari. Ya fara karanta baitocin, Mama Nas tana juya mana. Teku ya yi fushi. Igiyar ruwa ta rufe jirgi. Matuƙa sun rasa gabas da yamma, suna kiran Ubangiji ya kai su gaɓa. Ina ji ina jira, har aka zo baiti na uku. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Mama, ina rumbun?"

"Wane rumbu?"

"Rumbun da ya ƙone. Da tururuwa."

Ta karɓi littafin daga hannun tsohon, ta bi shi da yatsa daga sama har ƙasa, ta juya shafi ta dawo. Sannan ta ce babu rumbu a nan, ruwa ne kawai. Ashe ita tun ranar Lahadin muryar ta kama, ta tuna makaranta, ba ta tsaya ta saurari abin da muke faɗa ba.

Shugaba ta ce in rera tamu mutumin ya ji. Ni da ko addu'a a gaban mutane sai muryata ta yi rawa. Na gyara goyo na fara a hankali, tsohon ya bi ni da kiɗa, a amshi mata takwas suka shigo da ƙarfinsu. Ɗaya ta mayar da bayan benci ganga. Wasu baƙi biyu da suka shigo ɗaukar hoto suka zauna. Ƙaramar da nake tsoron za ta yi kuka ta ba mu kunya, barcinta ta sha.

Da muka gama ya roƙi a gaya masa ma'anar. Mama Nas ce dai ta fassara, layi bayan layi, kuma na lura ba ta yi sauri ba. Sai tsohon ya gaya mana abin da ba mu zata ba. Ya ce shi ma mai waƙar tekun ba shi ya yi muryar ba, bai ma taɓa jin ta ba. Manoman ƙasar nan ne suke rera ta lokacin girbi, wani ya ji ya rubuta, aka ɗora mata baitocin teku bayan mai su ya rasu. Ya ce haka waƙoƙin coci da yawa suke, murya daga wani wuri, kalmomi daga wani. Ya tambayi sunan Kaka da na ƙauyenmu, ya rubuta a wata 'yar takarda ya sa a tsakanin shafin, ya ce duk ranar da ya ba da labarin waƙar nan zai ƙara da na manomin da rumbunsa ya ƙone. 'Yata ta sa aka ɗaga ta ta ga takardar da idonta.

A ɗan lambun bayan cocin muka baje abinci. Muka ba tsohon masa, ya dangwali yaji fiye da yadda aka nuna masa, ya yi ta share ido yana cewa da daɗi. Mama Nas ta ce kowa ya shaida ba ta faɗi ba, rabin gaskiya nata ne. Shugaba ta ce to ta ci rabin masa. Ta ci huɗu. Da za mu tashi ta matso kusa da ni ta ce, "'Yata, ki rera mini ita a waya in koya. Jikokina ba su san teku ba, amma ni na san rumbu."

A hanyar dawowa jirgi ya cika maƙil, muka tsaya a tsaye har rabin hanya, kuma sai da muka kusa Barking na tuna ban riƙe hannun babbar ba. Tana can jikin Mama Nas tana koya mata amshi.

Da la'asar muka isa gida. Ko zane ban canza ba na kira mahaifiyata a ƙauye, na kwashe labarin duka na ba ta, ina jira ta yi mamaki. Dariya ta yi har da tari. Ta ce wa ya taɓa ce mini muryar ta Baba ce? Kowa a ƙauye ya san a bakin Baturen mishan ya ji ta, ta yi masa daɗi, Turancin kuwa ko kalma bai gane ba. Da gobara ta same shi sai ya zuba nasa a ciki. Ta ce da na tambaye ta, da ta hutar da ni hawan jirgin ƙarƙashin ƙasa da goyo.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan, 'yan'uwa. Na yi makonni ina tsoron gaskiya za ta ƙwace mini kakana, ashe ita ce za ta ƙara mini shi. In kuna da tsofaffi a gida, ku tambaye su tun suna nan. Na ce wa mahaifiyata ranar Lahadi zan sake kira, ta shirya, don akwai sauran waƙoƙi shida da ban san inda muka samo su ba. Ta ce in kira bayan an tashi daga coci, ta tara mini sauran tsofaffin.