Barau Mai Injin Iska

Yayana Barau mutumin Bagega ne, kuma iska ce sana'arsa. Da zinari ya ɓulla, maza suka watsar da gero suka faɗa haƙa, shi kuwa ya samo wani tsohon inji ya zauna bakin rami yana tura musu iska ta tiyo. Rami in ya yi zurfi numfashi ɗaukewa yake, don haka duk wanda ya fito da ransa Barau yake wa godiya. Godiyar nan ce ta fasa masa kai. Mutum ne mai kirki, amma wajen taurin kai ko Inna ta sallama masa.

Wata rana tiyo ya maƙale, ya sauka da kansa, gefen rami ya zaftaro ya danne masa ƙafar hagu. Aka kai shi asibiti. Ƙafa ta kumbura suntum, ciwo ya ƙi kamewa. Ni na yi jinyarsa, domin matarsa Zulai tana can da ɗansu wurin masu maganin gubar dalmar da ke cikin ƙurar dutsen zinari.

Wani likita mai fara'a, yana cikin wanke ciwon, ya ba mu labarin ƙasar da ya yi karatu. Wai akwai wani ɗakin ƙarfe, a rufe mutum ciki, a danna iska da ƙarfi, ya yi ta shaƙar zallar oksijin, kumburi ya sace, nama ya tsiro.

"To nan hwa?" in ji Barau.

"Nan babu. Ka dai yi haƙuri da wanki kullum, ina sa ran ƙafar za ta tsira."

Har gobe abin yana ƙona mini rai. Zinarinmu yana isa can, ɗakin ne ba ya isowa nan.

Barau bai ji zancen haƙuri ba, iska kawai ya ji. Ya juyo gare ni. "Zinatu, mi za su hwaɗa mini kan iska?"

"Yaya, don girman Allah ka zauna."

Na yi magiya, na yi kuka, har baƙar magana na gaya masa. Ya sa abokinsa Maikuɗi ya ɗauke shi a babur. A gida suka kwance bandeji, suka zura ƙafar cikin buhun taki, suka cusa tiyo, suka ɗaure bakin da roba, suka ta da inji. Injin da yake zuƙar ƙurar dutsen da ake niƙa a unguwa. Buhu ya cika tam, maƙwabta suna kallo suna cewa ai Barau akwai basira. Kullum safiya haka, har ƙafar ta yi baƙi ta soma wari.

Aka mayar da shi asibiti, sama da gwiwa aka yanke ta. Da ya farfaɗo ina zaune gefensa, Maikuɗi yana waje riƙe da ƙafar a naɗe cikin farin ƙyalle, zai kai ta maƙabarta. Na ɗauka Barau zai tambayi ƙafarsa, ko ɗansa. Sai ya lalubo hannuna ya ce, "Ƙanwata, injin ga ne ya yi ƙarami."